Shayin Rage Tumbi na TikTok: Ka Fara Bincika da Wayarka Kafin Ka Sha

Wannan makon mun ajiye maganar wayoyi, domin saƙonninku sun yi yawa a kan shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da ake tallatawa a TikTok da Facebook.

Ku fara gane yadda manhajar ke aiki. Ba ta tantance ko magana gaskiya ce. Abin da take aunawa shi ne daƙiƙa nawa ka tsaya kana kallo, da mutum nawa suka tura wa wasu. Shi ya sa bidiyon "tumbi ya tafi cikin kwana 7" ke doke bayanin likita. Mai tallan kuma galibi yana da kamasho a kan duk kwalin da aka saya ta hanyarsa.

Haɗarin ba ƙarami ba ne. Hukumomin lafiya na Malesiya sun sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba. Tun 2010 aka janye shi daga kasuwannin Amurka da Turai saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai hawan jini da ya sha shi a matsayin "ganye zalla", wallahi da ransa yake wasa. A gida ma mun san "sha ka fashe" da ake sha don ƙiba. Sau da yawa dexamethasone ne, mai kumbura fuska da tayar da sukari a jini.

A nan Brickfields, unguwar Indiyawa da ke jikin tashar KL Sentral, na bi shagunan magani na titin Tun Sambanthan ina duba kwalaye. Magani mai rajista, na asibiti ko na gargajiya, yana ɗauke da lamba mai farawa da MAL, sai alƙaluma 8, sai harafi: T na gargajiya, N na ƙarin sinadaran abinci, X wanda ake saya ba takardar likita. Akwai kuma tambari mai ƙyalli, FarmaTag, da ake dubawa da manhaja a waya. Lambar kuma kana iya nemanta a shafin hukumar NPRA. Minti biyu ya ishe ka.

A Najeriya, kwatankwacinsa shi ne lambar NAFDAC. Kada ganin lambar a jikin kwali ya ishe ka, don ana buga ta bogi. Shiga Greenbook na hukumar ka tabbatar sunan kayan da kamfanin sun dace da lambar. Rajista ma ba ta nufin abin zai narkar da tumbi, sai dai an san wanda za a kama idan ya cutar.

Don Allah ku nuna wa iyayenmu mata da ƙannenmu yadda ake dubawa. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuwa, ya fara ganin likita tukuna.