Aika Saƙo Da Haske: Hazo Ne Babban Abokin Gaba

Duk direban da ya bi ta Tashar Yari da asuba a watan Janairu ya san halin hazo. Fitilar mota ba ta yin nisa. Ba a ganin motar da ke tahowa sai ta matso. To, abin da ke damun direba shi ke damun masu aika saƙo da haske.

Ga yadda ake aikin. Ana kafa na'ura biyu a kan dogayen ƙarafa, suna kallon juna. Ɗaya tana harba siririn haske, tana kunnawa tana kashewa cikin sauri, kamar yaro mai kiran abokinsa da tocila. Ɗayar kuma ta karɓa, ta mai da shi magana ko hoto. Ido ba ya ganin wannan haske. Ba a jan waya, ba a haƙa rami.

An gwada wannan a Afirka. Birnin Barazabil da birnin Kinshasa suna fuskantar juna, Kogin Kwango ya raba su. Tsakaninsu bai cika kilomita 5 ba, amma wayar intanet sai ta yi zagayen fiye da kilomita 400. A shekarar 2021 masu aikin Taara suka haɗa biranen biyu da haske, saƙo ya riƙa tsallake kogin har kwana 20, kusan ba yankewa.

A kan teku aikin ya fi wuya. Can akwai hazon ruwa, wato ƙananan ɗigo masu yawo a iska. Haske in ya ci karo da su sai ya watse, kaɗan ne ke isa. Abin mamaki, ruwan sama bai kai wannan hazo ɓarna ba, don akwai fili tsakanin manyan ɗigo. Gishirin teku kuma yana bushewa a kan gilashin na'ura, ya dushe shi. In a kan jirgin ruwa take, igiyar ruwa ta yi ta kaɗa ta, saiti ya kauce.

Zafi ma yana da tasa. Kowa ya san kawalwalniya a kan kwalta da rana tsaka. Iska mai zafi ce ke lanƙwasa haske. Haka take sa saƙo rawa.

Ikara da Maƙarfi da Kudan ba su da teku, amma suna da hunturu. Yawancin ƙurar tana tasowa ne daga wani kwari mai suna Bodele a ƙasar Chadi, iska ta kwaso ta. Ƙurar da ke hana jirgin sama sauka a Kano ba za ta ƙyale siririn haske ba. Ga kuma hayaƙin ƙunar daji da na dafa mazarƙwaila, duk a lokaci guda.

Saboda haka masana ba sa dogara da haske shi kaɗai. Suna rage nisa tsakanin na'urori. Suna kuma haɗawa da na'urar rediyo, wadda ƙura ba ta cika damun ta ba. Ran da hazo ya rufe, rediyo ta ɗauki aikin, ko da yake ba ta kai haske ɗaukar kaya ba. Duk garin da aka yi wa tayin irin wannan na'ura, ya kamata mutanensa su tambaya: an gwada ta a watan Disamba da Janairu?