Langa: Makarantar Haɗin Kai Da Muka Bari A Dandali

A bara wata ƙungiyar matasa ta gayyace ni Ƙaura Namoda domin in gabatar da maƙala a taron horas da shugabanninta, waɗanda suka zo daga Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Kafin a ba ni dama, sai mai horaswa ya fito da igiya da ƙyallayen rufe ido, ya ce zai koya musu haɗin kai ta hanyar wani wasa da ya koyo a birni. Yara suka bi umurni don ladabi, amma kowa ya ga abin bai shige su ba.

Bayan La'asar sai wani saurayi daga Zurmi ya kama ƙafarsa ta baya, ya fara tsalle. Kafin ka ce kwabo an ja daga, an fitar da ruwa, langa ta kankama. Matasan da tun safe ko gaisawa ba su yi ba, sai ga su suna kare juna da ƙirji. Abin da aka wuni ana nema da igiya, ashe yana nan cikin wasan da muka tashi da shi.

Ga mai karatu da bai taɓa yi ba, a langa kowane ɗan wasa yana riƙe ƙafa ɗaya ta baya, ya yi tsalle da ɗayar. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa, an kashe shi, sai ya koma gefe. Kowane ɓangare yana da ruwa, wato wanda ake so ya kai masha, da kuma dokin ruwa mai share masa hanya. Idan abokan karawa suka kayar da ruwa, ƙarfin sauran ya tashi a banza.

A matsayina na ɗalibin harshe, waɗannan kalmomi sun daɗe suna ba ni sha'awa. Bahaushe ya kira wanda ake karewa ruwa, abin da rayuwar kowa ta rataya a kansa. Nasara kuwa sai a ce an sha, kuma ɗaukacin ɓangaren ne suka sha, har da waɗanda aka kashe tun farko. Ƙaƙƙarfa kuma shi ne doki, aikinsa ɗaukar nauyin wani. Yaron da ya girma da wannan ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka tun kafin a kira shi aikin gayya.

To amma langa wasan dandali ce a farin wata, kuma matsalar 'yan bindiga ta raba ƙauyuka da yawa na arewacin Zamfara da hirar dare. A 2021 har sai da aka rufe layukan waya a jihar, aka dakatar da kasuwannin mako, ciki har da ta Alhamis a Shinkafi inda jama'a ke cuɗanya. Yaron Bahaushe da na Bafulatani da dā suke haɗuwa a fili ɗaya, yanzu da yawansu suna tashi ba su san juna ba sai a labarin tsoro.

Ba na cewa langa za ta kawar da bindiga. Sai dai wanda ya taɓa zama dokin ruwanka, da wuya a shawo kansa cewa kai maƙiyinsa ne. Saboda haka ina kira ga makarantu da ƙungiyoyin matasa da masarautun Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su mayar da ita wasan rana, a gauraya 'yan wasa ba tare da la'akari da unguwa ko ƙabila ba, a riƙa juya matsayin ruwa har ya kai kan mafi rauni. Tuni ana fafata langa tare da dambe da kokawa a gasar wasanni ta ƙasa, kuma ba ta buƙatar ko sisin kwabo sai fili. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, amin.