Yadda Bahaushe Zai Shawo Kan Aikatau A Harshen Polan

Yaron da ya tashi a Rijau, cikin ƙasar Kontagora ta Jihar Neja, ba baƙon harsuna ba ne. Sau da yawa Dukanci ko Kambarci yake ji a gida, Hausa a kasuwa, Larabci a makarantar allo, Turanci kuma a ta boko. To, a 'yan shekarun nan wani harshe ya shiga lissafin matasanmu masu neman ilmi a ƙetare, watau harshen ƙasar Polan, wanda mutum wajen miliyan 40 ke magana da shi. Sunan ƙasar ya daɗa fitowa a 2022, sa'ad da yaƙin Yukuren ya koro ɗaliban Nijeriya zuwa kan iyakarta.

Koyon harshen kuwa ba abin wasa ba ne, domin a 2018 hukumar ƙasar ta sa takardar shaidar iya shi, a matakin da ake kira B1, ta zama sharaɗi ga baƙon da ke neman zama ɗan ƙasa. Babban abin da ke karya gwiwar mai koyo shi ne juya aikatau. Amma abin da yawancin ɗalibanmu ba su lura da shi ba shi ne, Hausa ta fi Turanci saurin buɗe musu wannan ƙofa.

Da fari dai, a Hausa aikatau ba ya nuna mai aikin, ɗan wakilin sunan da ke gabansa ne ke ɗaukar wannan nauyi: ina karantawa, kana karantawa, muna karantawa. Mutanen Polan kuwa a ƙeyar kalmar suke rataya shi. Aikataun karatu shi ne czytać, ana furta cz kamar c ta Hausa, sz kuma kamar sh. Sai a ce czytam, czytasz, czyta, watau ni, kai, shi. Sannan czytamy, czytacie, czytają, watau mu, ku, su. Abin da Bahaushe ya sa a goshi, su a ƙeya suka mai da shi. Wahalar kawai ita ce ɗafa-ƙeyar ba iri ɗaya ba ce ga kowane aikatau. Na rubutu, pisać, yakan koma piszę, piszesz, na magana kuma, mówić, ya koma mówię, mówisz.

Na biyu, batun jinsi. Bature ba ya rarrabe mace da namiji in yana magana da mutum, alhali Bahaushe tun yana goye ya san bambancin "ka karanta" da "kin karanta". Haka abin yake a shuɗaɗɗen lokaci na harshen Polan: czytałeś ga namiji, czytałaś ga mace, czytał ga shi, czytała ga ita. Sai dai su sun zarce mu da taki guda, gama ko mai maganar ma sai ya bayyana jinsinsa. Namiji ya ce czytałem, mace ta ce czytałam, inda mu duka "na" muke cewa.

Na uku, kuma shi ne ƙashin bayan al'amarin, kusan kowane aikatau tagwaye ne. Ɗaya na aikin da ake cikin yi ko aka saba yi, ɗayan kuma na aikin da aka kammala. Pisać na tafiya da napisać, czytać da przeczytać. Wannan shi ke ruɗa mai tunani da Turanci, amma wa zai koya wa Bahaushe bambancin "yana rubuta wasiƙa" da "ya rubuta wasiƙa"? Tarko ɗaya ne a nan: aikatau na kammalawa ba shi da lokaci mai ci. Piszę na nufin ina rubutawa, amma napiszę na nufin zan rubuta in gama. Wanda ya musanya su, ya mai da aikin yanzu alkawarin gobe.

Akwai kuma ladabi. Yadda muke ce wa dattijo "ku", su pan suke ce wa namiji, pani ga mace, sannan su juya aikatau kamar ana zancen wani can. Ɗalibin da ya yi wa malaminsa "kai" ya yi abin kunya, ko da nahawunsa ya fita.

Abin sha'awa, masanan Polan sun daɗe da bin wannan hanya ta ɗaya gefen. A 1957 Nina Pilszczikowa ta buga littafi a birnin Warso kan tsarin aikatau na Hausa, shekara uku kafin F. W. Parsons ya fito da rabonsa na aji bakwai a 1960. Daga baya Farfesa Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warso ya yi zurfin bincike a kan Alhaji Umaru, mawaƙin nan haifaffen Kano da ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, ita kuma Farfesa Nina Pawlak ta wallafa nahawun Hausa da harshensu a 1998. Su ma sun sha fama da bambancin fita da fito, da saya da sayar.

Saboda haka shawara ga mai niyya ita ce, kada ya haddace aikatau shi kaɗai. Ya rubuta shi tare da siffar "ni", da siffar "kai", da abokin tagwaicinsa, gama daga waɗannan ake gane yawancin sauran. Sannan ya ajiye fassarar Hausa a gefensa, ba ta Turanci kaɗai ba. Jami'ar Lodz tana da makarantar koya wa baƙi harshen tun cikin shekarun 1950, kuma 'yan Afirka da dama sun bi ta cikinta. John Godson, haifaffen Nijeriya, ya isa Polan a 1993, zuwa 2010 kuwa ya shiga majalisar dokokin ƙasar, inda da harshenta ake muhawara. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.