Sauraren Cikin Ƙasa: Me Rairayin Nguru Da Gashuwa Ya Binne?

Matafiyin da ya tashi daga Nguru ya nufi Gashuwa ba zai ga dutse ba, sai rairayi da fadama da goruba. Duwatsun suna can ƙasa, yashi da lakar kwarin tafkin Chadi sun binne su, kaurin rufin kuwa ƙaruwa yake yi idan aka nausa gabas. Ma'adinin da jama'ar yankin suka sani shi ne wanda ya fito fili da kansa, watau kanwar ƙasar Manga, wadda fatake suka daɗe suna saukewa a Nguru.

Neman na ƙasa kuwa ya ci kuɗi, ya ci rayuka. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya haƙa rijiyoyi 23 a kwarin Chadi cikin shekarun 1980 da 1990, bai sami man sayarwa ba, alhali kuwa Nijar ta buɗe matatar Damagaram a 2011 da man Agadem. A watan Yuli 2017 'yan Boko Haram suka yi wa ayarin masu bincike kwanton ɓauna a yankin Magumeri, har malaman Jami'ar Maiduguri suka rasa rayukansu.

Tsohuwar dabara ita ce a fasa nakiya, ko a sa manyan motoci su girgiza ƙasa, sa'an nan a saurari amon. Sabuwar ba ta bukatar ko ɗaya, domin ƙasa ba ta taɓa yin shiru ba. Igiyar teku, da iska, da manyan motocin kan hanya, duk suna aika wata 'yar girgiza wadda mutum ba ya ji. Sai a binne ƙananan na'urori jefi-jefi, a bar su 'yan makonni, kwamfuta ta gwada abin da kowace ta ɗauka. Girgizar takan yi sauri cikin dutse mai tauri, ta yi sanyin jiki cikin yashi, da haka ake zana taswirar abin da ke ƙasa. Masana sun nuna amfaninta a Kalifoniya ta Amurka a 2005, masu neman tagulla a Ostareliya kuma sun kama ta.

Amma kada a ruɗe. Na'urar ba ta faɗin sunan ma'adini, zurfin dutse da tsagarsa take nunawa, tilas a haƙa kafin a tabbatar. Ko da haka, sanin zurfin dutsen zai taimaki masu haƙa rijiyar burtsatse a ƙasar Bade, tun kafin a kai ga maganar mai.