Kafin Ki Bar Yaronki A Gidan Raino, Zagaya Bayan Ɗakin

A da, idan mace za ta fita unguwa ko asibiti, kakar yaro ce ko goggonsa ko abokiyar zama ke karɓar goyo. Yanzu zama ya sauya. A Kano da Kaduna da Jos, haka ma Maraɗi da Yamai, malamar makaranta da ma'aikaciyar jinya da ɗalibar jami'a duk sukan ajiye yaro a gidan raino da safe, sai la'asar su ɗauko shi. Wasu gidajen an gina su ne don wannan aiki. Da yawa kuwa gareji ne ko shago aka share, aka shimfiɗa leda, aka zana zomo da lemo a bango. Iyaye sukan tambayi kuɗin wata, su tambayi ko ana koya wa yara Turanci. Da wuya ka ji wanda ya tambayi inda ake ajiye fiya-fiya, ko ƙofa nawa ɗakin yake da ita.

Yaro ɗan wata tara zuwa shekara uku a ƙasa yake rayuwa. Yana rarrafe, ya dafa daɓe, ya sa hannun a baki. Abin da ya tsinta ma bakin yake nufa da shi. Idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, ya fi babba shaƙar iska, ya fi shi shan ruwa, ga ƙwaƙwalwarsa tana cikin ginuwa. Saboda haka ɗakin da babba zai wuni a ciki lafiya ƙalau yana iya zama cuta ga ɗan ƙaramin da ke wasa a gindin ƙafarsa.

Mu a Arewa mun ga iyakar wannan a Zamfara. A shekarar 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Sai yaro ya kama amai da jijjiga, a yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, kafin a farga ya cika. Da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka auna jinin yaran, sai aka ga gubar dalma ce. Masu haƙar zinariya ne ke kawo duwatsu cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke wasa. Fiye da yara 400 suka rasu, akasarinsu 'yan ƙasa da shekara biyar, alhali manyan da ke daka dutsen suna ta harkokinsu. Maganin asibiti kaɗai bai wadatar ba, sai da aka riƙa kankare ƙasar saman gidaje ana zuba sabuwa, domin yaron da aka yi wa magani ya koma kan ƙasar nan, gubar za ta sake shiga jikinsa. Garin Bagega sai a 2013 aka yi masa wannan aiki. A 2015 kuma abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Mai karatu a birni zai ce ai ba a haƙar zinariya a unguwarsu. Gaskiya ne, amma dalma tana da wasu ƙofofin. Akwai mai gyaran batirin mota da ke fasa tsofaffin batura a jikin katangar makaranta. Akwai tsohon fentin mai, musamman ja da ruwan ɗorawa, da ke ɓarewa daga ƙyaure ko taga ko lilon yara, ya zama gari a ƙasa. Akwai kuma abin da yake hannunmu kullum, wato tozali. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya. Da suka bi sawu sai suka tarar kwallin da ake sa masa a ido ne, kuma da aka auna shi, fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Yaro ya murza ido, ya tsotsi yatsa, shi ke nan ta shiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma hanjin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba zai tsotsa. Yaron da ke da ƙarancin jini ko yake wuni da yunwa ya fi kowa tsotsa. Abin da ya fi ban tsoro shi ne, yawanci ba a ganin alama. Yaro yana ci yana wasa, sai ya shiga aji uku a ga karatu ba ya zama, a fara kiransa daƙiƙi, wani lokaci har da bulala. Gwajin jini ne kaɗai ke nunawa, kuma abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Don haka gidan raino da ke maƙwabtaka da masu batir ko masu narka ƙarfe, a bar shi ko da kyauta ne. Daɓen ɗakin yara kuma a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Sharar tsintsiya yara na zaune, musamman da hunturu, tayar da ƙurar kawai take yi zuwa hancinsu.

Sai gubar da ke kashewa a wuni ɗaya. Duk wanda ya yi aiki a sashen yara na asibiti ya san labarin kananzir a robar lemo. Yaro ya ga roba irin wadda ya saba sha a ciki, ga ƙishirwa, ya kafa kai. Haka fiya-fiya, da shinkafar ɓera da ake barbaɗawa a lungu, da ruwan wanke banɗaki, da sodar haɗa sabulu wadda idan an jiƙa ta ba ka bambanta ta da ruwa, ita kuwa ƙone maƙogwaro take yi, har yaro ya kasa haɗiyar abinci bayan ya warke. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari irin Sniper a kasuwanni da kantuna, domin na gona ne, amma har gobe ana yayyafa irinsa a ɗaki da yamma, da safe a shimfiɗa wa yara tabarma a wurin.

Idan tsautsayi ya faɗa, abin da aka saba yi shi ne a ɗura wa yaro manja ko madara, ko a tura masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Wannan kuskure ne mai kisa. Kananzir ya fi yin ɓarna idan ya shiga huhu, kuma amai ne ke kai shi can. Soda kuwa ta ƙone hanya da ta shiga, za ta sake ƙonewa idan ta fito. A cire masa rigar da abin ya zuba a kai, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a ɗauki robar ko kwalbar a tafi asibiti da ita nan take. Uwa ta tambayi mai raino kai tsaye: «Malama, in yaro ya sha kananzir me za ki yi?» Amsar da ta bayar ta ishe ki sanin inda kika kawo ɗanki.

Ki kuma tambaya ko ana ba yara magani, da izinin wa. Mutum ɗaya da jarirai goma sha biyar suna kuka, shaiɗan na iya raya mata ta ba su abin da zai sa su barci. Ko maganin da ake ganin ba komai ba ne yana iya zama ajali: a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙori na My Pikin, wanda wani sinadari mai lalata ƙoda ya gurɓata, ya kashe yara 84 a Nijeriya bisa ƙididdigar hukuma. Ka'ida ita ce kada a ba yaro komai sai abin da uwarsa ta kawo, da rubutun likita.

'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗanɗana ɗacin gobara. A watan Afrilun 2021 wuta ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka ƙone, yawancinsu 'yan ajin raino. A Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, fiye da yara 25 'yan shekara biyar zuwa shida suka rasu, har gwamnati ta hana sa ƙananan yara a ajin zana. Namu na bulo ma bai tsira ba. Ɗaki mai ƙofa ɗaya, tagogi duk an yi musu ƙarfen ɓarayi, get a kulle da kwaɗo saboda tsoron masu satar yara, makulli kuma yana aljihun maigadi da ya tafi sallah: in wuta ta tashi ta ina za a fitar da yara ashirin da ba su iya gudu ba? Tukunyar gas da risho ba su da wurin zama a ɗakin da yara suke. Janareta kuma a nisanta shi da taga, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi. Yara za su yi lamo kamar barci ya ɗauke su, mai raino ta ji daɗi sun yi shiru. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi irin wannan iskar yake fitarwa.

Ruwa ma haka. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ba ya iya ɗagowa, kuma ba ya ihu. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa. A zagaya bayan ɗakin a ga rijiya da ramin shadda ko suna da murfi mai nauyi, a ga baho da durom ko a kife suke ko a rufe.

A nan bayan ɗakin ne kuma za ki ga inda ake wanke fo da inda ake wanke kwanon abinci, ko wuri ɗaya ne. Hannun da ya canza wa wannan ƙunzugu shi ne zai dama wa wancan koko, don haka in babu sabulu a bakin buta ko famfo, gudawa ta sami gida. Gidan raino na kirki yakan nemi katin riga-kafi kafin ya karɓi yaro, ya kuma mayar da mai zazzaɓi ko ƙuraje gida ko da uwar za ta ji haushi. Annobar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha shan wahalarta, yaran da ba a yi wa allura ba ta fi kwasa.

Ba a ce masu raino mugaye ba ne. Mafi yawansu mata ne masu neman halal da ɗan albashi, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu waɗannan abubuwa. Gyaran ma ba tsada gare shi ba: kwaɗo a kabad, murfi a rijiya, sabulu, ƙofa ta biyu. Duba irin waɗannan wurare aikin ma'aikatan duba-gari ne na ƙaramar hukuma, kuma duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba yana da damar kai musu ƙara. Amma kafin duba-gari ya zo, yaron naku ne. Maigida, kada a bar wa uwa ita kaɗai. Ku je da tsakar rana ba tare da kun sanar ba, ku tsuguna daidai tsayin yaron ku dubi abin da hannunsa zai iya kaiwa, sannan ku nemi a buɗe muku bayan gida da ɗakin girki. Wurin da aka hana ku shiga, kada ku bar ɗanku a ciki.