Ƙwayoyin Hanji Da Zancen Ƙiba

Jama'a, kun san a wurinmu in an ga mutum ya yi teɓa sai a ce ya sami duniya. To, likitoci kuwa ba su yi masa barka, don sun san ƙiba in ta yi yawa ita ke share wa ciwon suga da hawan jini hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, cikin kowane mutum takwas na duniya ɗaya yana da ƙibar da ta wuce kima. Ga shi kuma yanzu ana tallar waɗansu magunguna da ake kira furobayotik, wai suna rage ta. Don haka na ga ya kamata in bayyana muku abin da masana suka gano game da su.

Cikin hanjin kowane babban mutum akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. An ƙiyasta yawansu ya kai miliyan sau miliyan 38, amma duk nauyinsu bai wuce wajen giram 200 ba. Ba duka ne ke kawo cuta ba, galibinsu ma barorinmu ne. Dusar hatsi da zare-zaren ganye da wake, waɗanda cikinmu ba ya iya narkarwa, su ne abincinsu. In sun ci sai su fid da wani irin tsami wanda ke ciyad da bangon hanji, ya kuma taimaka mutum ya ji ya ƙoshi. Furobayotik kuwa ba kome ba ne illa irin waɗannan ƙwayoyi na kirki, da ransu, waɗanda in an ci daidai gwargwado su kan amfani jiki.

Ai mu ba baƙon abu ba ne gare mu. An ce ruwa ba ya tsami banza, to, madara ma haka. Fulanin da ke kawo kindirmo kasuwar Kafancan su kan dafa madara, in ta huce su zuba mata ɗan na jiya, su rufe ƙwarya ta kwana. Wannan ɗan na jiya ƙwayoyi ne suka shuka. Tun 1907 wani masani mutumin Rasha, Metchnikoff, ya yi zaton nono mai tsami ne ke sa manoman Bulgeriya tsawon rai.

To, ina haɗinsu da ƙiba? A 2013, a Jami'ar Washington ta birnin St Louis a Amurka, mutanen Farfesa Jeffrey Gordon suka samo tagwaye mata, ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya. Suka ɗebi ƙwayoyin hanjin kowace, suka sa wa ɓerayen da aka rena ba su da ƙwaya ko ɗaya a ciki. Abinci iri ɗaya aka ba su, amma waɗanda suka sami na mai ƙibar suka fi tara kitse. Da aka haɗa su keji ɗaya, sai ƙwayoyin siririyar suka shiga cikin sauran ɓerayen, suka hana su ƙiba. Amma fa a lura, wannan ya yiwu ne sa'ad da ake ba su abinci mai ganye da 'ya'yan itace. Da aka ba su mai maiƙo da yawa, ganye kaɗan, ƙwayoyin kirkin suka kasa zama.

Watau hanji kamar makiyaya yake. Ko ka koro shanu ɗari daga Ladduga, in babu ciyawa a inda ka kai su, ba za su zauna ba. Shi ya sa da aka gwada waɗannan magunguna ga mutane, aka tara sakamakon gwaje-gwajen, nauyin da suka rage bai kai ko kilo ɗaya ba. Galibin ƙwayoyin da aka haɗiye wucewa su kan yi in an daina sha.

Akwai wani misali kusa da mu. A 2010 aka gwada yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Florence a Italiya. Aka tarar na ƙauyen sun fi ire-iren ƙwayoyi, sun kuma fi wannan tsami mai amfani. Abincin nan nasu ai ɗan'uwan namu ne. Faten acca da yakuwa da gauta, wanda ake ci daga Kagoro har Kwoi, shi ne ciyawar da ƙwayoyin nan ke nema. Farin burodi da taliyar leda da lemon kwalba ba su bar musu kome.

Sai in ja kunne a kan abu uku. Na fari, koko da kunu in an dama su da tafasasshen ruwa ƙwayoyin sun mutu, ko da yake abinci ne mai kyau. Na biyu, yogot ɗin da aka cika wa sukari ƙiba ya ke ƙarawa. Na uku, nonon da ba a dafa madararsa ba ya kan ɗauko tarin fuka da bakkale daga shanu, saboda haka a riƙa tambayar mai talla.

Ku ɗalibai, gobe ku ne malamai a ƙauyuka. Ku sha kindirmo, amma kada ku ɗauke shi maganin teɓa. Ku koya wa yara kada su raina acca da dawa da miyar ganye, su kuma riƙa motsa jiki. Allah ya ba mu lafiya, amin.