Asalin Waƙar Ƙuma, da Wanda Ya Yi Ta

Akwai wata 'yar waƙar ban dariya a bakin mutanen Ingila, baiti biyu ce kacal, yara na rera ta, manya na buga misali da ita. Ma'anarta ita ce, wai ƙuma da ke cizon mutum ita ma tana da ƙananan ƙuma a gadon bayanta masu cizonta, su ma ƙananan suna da nasu, haka dai abin ke tafiya ba iyaka. Da yawa sun haddace ta ba su san mai ita ba. To, malamai sun san magana ba isnadi kamar haja ce ba a san fataken da suka kawo ta ba, sabo da haka ya kamata a bi sawunta.

In an bi sawun, sai a tarar da ita a littafin wani malamin lissafi na Landan, Augustus De Morgan, wanda aka haifa a Indiya a 1806, ya rasu a 1871. Matarsa ce ta fitar da littafin a 1872, bayan rasuwarsa. Lafazin da ake rerawa yau nasa ne. Amma ba shi ya haƙa rijiyar ba, yashe ta ya yi.

Mai haƙa ta shi ne Jonathan Swift, babban limamin wata majami'a a birnin Dablin na ƙasar Ailan, mai littafin tafiye-tafiyen Gulliver, mutum mai kaifin harshe ƙwarai. A shekara ta 1733 ya fitar da wata doguwar waƙa a kan sha'anin waƙa da mawaƙa, bai ma sa sunansa ba. A cikinta maganar ƙuma ta fara fitowa. Abin lura, jama'a, Swift ba wasan yara ya nufa ba, zambo ya yi. Nufinsa ƙananan mawaƙa masu hassada, waɗanda ba su da abinci sai naman wanda ya fi su. Kowane mawaƙi na da na bayansa mai cizonsa. Wanda ya zauna a zauren karatu ko rumfar kasuwa ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan.

De Morgan kuwa, da yake ma'abucin hisabi ne, sai ya zare dafin, ya bar dariyar. Sa'an nan ya ƙara nasa: wai manyan ƙuma su ma suna bisa waɗanda suka fi su girma, har abin ya hau sama ba iyaka kamar yadda ya gangara ƙasa. Watau baitin farko gadon Swift ne da aka sake wa riga, na biyu kuwa gumin De Morgan ne. Wanda ya jingina waƙar duka ga ɗayansu ya tauye hakkin ɗayan.

Shi kansa Swift ba daga iska ya ɗauko ba, don ya ce masana halittu ne suka lura da haka. Masu tarihi suna kai maganar ga wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Leeuwenhoek, wanda ya rasu a 1723. Shi ke goge gilashi da hannunsa, yana duba abin da ido ba ya gani, har ya ga wani ɗan mitsitsin ƙwaro na cin 'ya'yan ƙuma tun ba su gama zama ƙuma ba.

Daga baya raha ta zama gaskiya mai ɗaci. A 1894 likita Yersin ya gano ƙwayar cutar annobar ɓeraye a Hong Kong, kana a 1898 likita Simond ya nuna ƙumar ɓera ce ke ɗauke da ita a cikinta, tana kai wa mutum in ta cije shi.